Ƙuri'ar Mahaifina

Asabar, 27 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Wannan littafin rigakafin tumaki ne, amma akwai sauran shafuka a bayansa, bari in ɓata su. Maisun ta ce tunda na ƙi buɗe baki in gaya mata abin da ke cina, in je in gaya wa takarda. Mace in ta gaji da mijinta har likita takan zama.

Jiya aka yi taron dangi a babban zaure. Maza sun haura ɗari huɗu, har a kan taga aka zauna. Dattawa suka sake tsayar da Ammi Za'al, yayan mahaifina, ya koma majalisa karo na biyu. Ana cikin tafi na miƙe na ce ni ma na riga na kai takarduna, sunana yana cikin 'yan takara, kuma ba zan janye ba. Da a nan na tsaya da da sauƙi. Ammi ya yi murmushi ya ce majalisa ba garken awaki ba ce balle a nemi likitan dabbobi. Zaure ya kwashe da dariya, ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na mayar masa da magana. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Ba wanda ya yi min ihu. Da an jefo min takalmi ma da na fi so. Yaba, mahaifina, ya tashi daga sahun gaba, ya gyara rawaninsa, ya ratsa mutane ya fita. Ko inda nake bai kalla ba.

Litinin, 29 ga Oktoba, da hantsi

Na je gida gaisuwa. Yaba yana zaune a inuwar inabi da jaridarsa, tabarau a ƙarshen hanci, kamar yadda na buɗe ido na gan shi. Na yi sallama, ya amsa don amsa sallama wajibi ce, ya juya shafi. Na tsugunna zan sumbaci hannunsa, sai hannun ya tafi neman kofin shayi.

Yumma, mahaifiyata, ta ja ni ɗakin girki, ta tura min burodi mai zafi da man zaitun da garin yajin za'atar, ta ce in ci, na rame kamar akuyar rani. Na tambaye ta ko ya ce wani abu a kaina. Ta ce tun ranar Juma'a ko da ita ba ya wuce "to" da "a'a".

Laraba, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun kafa tantinmu a filin bayan tasha. Gazi, abokina tun aji ɗaya, mai kantin magani, shi ya naɗa kansa shugaban yaƙin neman zaɓe ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya kawo kujerun roba ɗari biyu da faranti shida na kayan zaƙin kunafa, ya rataya hotona a kowane turken lantarki daga tasha har maƙabarta. A hoton na sa kwat na ɗaure wuya, ina kallon sama kamar mai duban jinjirin wata. Wata tsohuwa ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta tambayi Gazi ko likitan awaki ne ya rasu.

Samari sun cika tantin. Na yi musu maganar da nake yi kullum, cewa shekara huɗu Ammi yana majalisa a Amman, ɗakin shan maganin garinmu har yau ba likita, ni nake ɗinke wa mutane rauni da zaren da nake ɗinke shanu. Gaskiya ce, kuma don ita na fito. Suka yi ta tafi. Amma abin da suke so su ji daban ne, wani daga baya ya ce in maimaita maganar ranar Juma'a. Na yi kamar ban ji ba.

Shekarata talatin da ɗaya. Ban taɓa yin wani abu a garin nan ba tare da na hango Yaba a sahun gaba ba, ko wasan makaranta ne.

Alhamis, 1 ga Nuwamba, da azahar

Kwana shida Yaba bai dube ni ba.

Asabar, 3 ga Nuwamba, bayan magariba

An fara tsinkar zaitun a gonarmu ta kan tudu, ba a aiko min ba. A bakin maƙwabci na ji. Ma'aikata Yaba ya ɗauka, shi da kullum yake cewa hannun haya karya reshe yake yi.

Na tsayar da mota a ƙasan tudun na daɗe ina hango su. Da muna yara wannan makon ya fi mana sallah daɗi. Gidanmu da gidan Ammi haɗuwa ake yi, a shimfiɗa buhuna a gindin itatuwa, mata suna tsincewa suna waƙa, Yumma ta dafa shayi a kan itacen zaitun har ya yi ƙamshin hayaƙi. Yaba yakan hau tsani da rigarsa ta makaranta, alli a aljihu, yana jefo mana tambayar nahawu daga sama, wanda ya kasa shi zai ɗauki buhu. Ammi kuwa ba ruwansa da tsani, sanda yake ɗauka, in ya gaji ya ɗora ni a wuyansa mu tafi duba garke. Shi ya koya min gane tunkiya marar lafiya tun kafin ta kwanta, daga ido da yadda take riƙe kunne. A jami'a na tarar suna da dogon suna ga abin, amma ba su ƙara min komai a kan nasa ba.

Ban hau tudun ba. Na juya na tafi duba saniyar wani mutum da ta ƙi tuƙa.

Litinin, 5 ga Nuwamba, da safe

Innalillahi. Wasu sun bi hotunan Ammi na kan babban titi sun rubuta masa alif, ba, ta da jan fenti a goshi. Har na ƙofar masallaci ba su bari ba. Gazi ya rantse ba shi ya sa su ba, na kuma yarda, amma yana rantsuwar yana danne dariya. Na ce masa in na sake gani zan rushe tantin nan da hannuna. Ni da kaina na ɗauki tsumma da kananzir na bi ina gogewa, mutane suna wucewa suna kallona. Fentin bai fita ba, sai ma ya bazu.

To, tunda ga ta nan a bango me ya rage in ɓoye wa takarda? Kowa a garinmu Kufur Najma ya san Ammi bai iya karatu ba. Sa hannunsa ma zane ne da Yaba ya koya masa, yake yin sa kamar mai zana ƙaho. Ɗansa Hayil ke karanta masa takardun majalisa a mota. An san da haka shekara da shekaru, har abokan gabarsa na garin Rujum sun sani, kuma ba mahaluƙin da ya taɓa furtawa. Sai ni, ɗan ƙaninsa, a gaban maza ɗari huɗu.

Magana zarar bunu. Tun ina aji uku Yaba ya sa muka rubuta ta sau ashirin.

Laraba, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yumma ta zo gidanmu da kanta, da kwalbar sabon mai a ƙarƙashin mayafi. Ta sallami Maisun ta je ta dafa shayi, ta zaunar da ni kamar za ta cire min ƙaya.

Ta ce akwai abin da ba a gaya mana ba, don mai abin ya hana. Shekarar da aka fara buɗe makaranta a garin nan, kakanmu yana da 'ya'ya maza biyu da tumaki ɗari, kuma ɗaya kawai zai iya saki. Malamin ya gwada su duka biyun, ya ce a ba shi babban, don Za'al a mako guda ya haddace abin da sauran yara suka yi wata suna fama. Mako uku ya yi a aji. Ran nan ya dawo ya tarar da Miflih, wato Yaba, yana kuka a bayan garke, kura ta kashe masa ɗan rago kuma ya sha duka. Washegari Za'al ya rataya wa ƙaninsa jakar, ya ɗauki sanda, bai sake taka makaranta ba. Da Yaba ya tafi kwalejin malamai a Irbid, duk Alhamis Ammi yake sauka da cuku da ƙwai a kan jaki ya kai masa.

Na ce me ya sa ba wanda ya taɓa gaya min. Ta ce, "Wa ya zaci akwai ranar da za ka buƙaci a gaya maka?"

Shayin ya zo, ba ta sha ba. Ta ce in riƙa sa rigar sanyi da safe, ta tafi.

Alhamis, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Na je har ƙofar gidan Ammi. Motoci sun cika layin, ana shiga da farantan mansaf na shinkafa da nama, Hayil yana tsaye yana tarbar baƙi. Muka haɗa ido. Ni da shi katifa ɗaya muka kwana a kai har muka yi gemu. Na ga in na shiga yanzu kowa zai ce janyewa na zo yi, samarina kuma su ce na sayar da su. Na sa giyar baya.

Wallahi ni matsoraci ne. A tanti kuwa har zaki suke kirana.

Lahadi, 11 ga Nuwamba, bayan magariba

Yau dattawa suka zo min. Su goma sha biyu, da alkyabbu, Sheikh Ukla a gaba, mutumin da ya yi min huɗuba a kunne ranar da aka haife ni. Samari suka miƙe suka ba su kujerun gaba. Na ƙarshen shigowa Yaba ne. Ya zauna a can gefe kusa da igiyar tanti, ya ɗora hannuwa a kan sandarsa.

Aka zuba gahawa. Kowannensu ya karɓa ya ajiye a ƙasa gabansa, alamar da buƙata suka zo, ba za su sha ba sai an biya musu. Na sha ganin haka a neman aure da sulhun jini, ina daga baya ina jin daɗin kallo. Ban taɓa tunanin wata rana ni za a ajiye wa kofi ba.

Sheikh Ukla ya yi magana a hankali. Ya ce ƙuri'un dangi ba su isa a raba biyu ba, in aka raba mutanen Rujum za su ɗauke kujerar. Ya ce in janye bana, shi ya ɗauki alkawari a gaban kowa zagaye mai zuwa nawa ne. Maganar ranar Juma'a ko kusa da ita bai je ba. Ya rufe da cewa kofunansu suna hannuna.

Na dubi samari, sun fi ɗari, duk idonsu a kaina. Akwai wanda mahaifinsa ya kore shi daga gida saboda ni. Na dubi Yaba, shi ƙasa yake kallo. Da ya ɗago sau ɗaya, da ya ce "Rakan" kawai, na rantse da Allah da na janye a take. Bai ɗago ba. Na ji bakina yana cewa ina girmama su, amma na riga na yi wa mutane alkawari.

Suka ɗan zauna kaɗan, don a ba ni damar sake tunani. Sannan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Samari suka ɓarke da tafi tun dattawan ba su kai mota ba, Gazi ya rungume ni yana cewa yau na zama namiji. Da aka watse na bi ina tattara kofunan da kaina. Na Yaba yana nan inda ya ajiye shi, ya huce, ƙuda ya faɗa ciki.

Litinin, 12 ga Nuwamba, da asuba

Kwana goma sha bakwai. Maisun ta ce ko a barci haƙora nake ci.

Alhamis, 15 ga Nuwamba, da azahar

Gazi ya kawo labari. Dattawa sun yanke cewa tunda ba a san wanda ke tare da wa ba, duk namijin da ke cikin dangi ƙuri'ar baki zai yi ranar Talata, ranar zaɓe. Tsohuwar dabara ce. Doka ta ce wanda bai iya rubutu ba ya gaya wa shugaban akwati sunan wanda yake so a rubuta masa. To sai mutum ya shiga ya ce shi bai iya ba, ya faɗi sunan da ƙarfi yadda wakilan dangi za su ji su shaida. Garin da ke alfahari da likitoci arba'in da injiniyoyi ba iyaka, ranar zaɓe sai ka rasa mai iya riƙe alƙalami.

Gazi ya damu, yana ta lissafin samarin da za su tsorata. Ni kuwa, Allah ya yafe min, sanyi na ji. Don na san mutum ɗaya da ba zai yi ba. Shekara ashirin da takwas Yaba yana shugaban makarantar maza. A zaɓen da ya wuce a gaban Ammi ya ce wannan al'ada ƙarya ce da rana tsaka, shi bai ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa garin nan alif don su je su yi rantsuwar jahilci ba. Ya shiga bayan labule ya rubuta abinsa, ba wanda ya isa ya ce masa kanzil.

Haka zai yi bana ma. Zai shiga bayan labule, ya ninke takarda, ya jefa. Ba na ma fatan sunana ne a ciki. Abin da nake so kawai kada in sani, in rayu ina cewa wataƙila.

Asabar, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yawon ƙauyuka tun safe. Duk gidan da na shiga sai an ce "muna tare da kai, likita," sannan a ce tunda na zo in ɗan leƙa tunkiyar nan da ke ɗingishi. Na duba tumaki tara da jaki ɗaya. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce ƙuri'arsa tawa ce har abada, ina fita na ga hoton ɗan takarar Rujum a bayan ƙofarsa. Da tumaki suna zaɓe da tuni na wuce.

A hanyar dawowa na bi ta gaban makaranta, an fara shigar da akwatuna. Itacen tut ɗin nan na tsakar fili yana nan, an rage masa rassa. A ƙarƙashinsa Yaba yake tsayawa da safe da agogo a hannu, wanda ya makara ya sha bulala biyu a tafin hannu, ni kuma huɗu don kada a ce ya yi son kai. In an tashi sai ya saya min alawar riɗi a shagon kwana, ya ce kada in gaya wa Yumma. Ranar da na fara karanta allon wani shago da kaina a Irbid, ɗaga ni ya yi sama a tsakiyar kasuwa, rawaninsa har ya faɗi.

Ina kewarsa. Gidansa da nawa tafiyar minti biyar ce, kuma ina kewarsa kamar wanda ya mutu.

Litinin, 19 ga Nuwamba, bayan magariba

Gobe ne. Maisun ta goge min kwat. Gazi ya ce in zauna a akwati na ɗaya, ajin farko na hannun dama, don nan dattawa ke jefawa, ganina zai sa wasu su ji nauyi. Na san wanda ke jefawa a akwatin nan. Na ce to.

Talata, 20 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana, a cikin mota

In ban rubuta yanzu ba ba zan taɓa rubutawa ba.

Tun bakwai nake zaune a ajin, a kan bencin yara, gwiwoyina suna taɓa haɓata. Hayil yana ɗaya gefen da takardar sunaye. Shugaban akwatin Ustaz Nidal ne, malamin lissafi, shi ma ɗalibin Yaba. Mutane suna ta shigowa. Mai kantin littattafai ya ce bai iya rubutu ba. Lauyan da ya rubuta min takardar gidana ya ce bai iya ba. Kowa ya faɗi sunan Ammi, Hayil ya sa alama. Wasu samari sun shiga bayan labule kansu a ƙasa, Hayil ya sa musu wata alamar daban. Har dariya abin ya fara ba ni.

Wajen goma da rabi Yaba ya shigo. Ya sa tsohuwar kwat ɗinsa mai ruwan toka ta zuwa makaranta, alƙalami biyu a aljihun gaba. Duk ajin aka miƙe, har ɗan sandan bakin ƙofa ya gyara tsayuwa. Nidal ya karɓi katinsa da hannu biyu, ya miƙa masa takarda, ya nuna masa labule.

Yaba bai karɓa ba. Ya ce, "Ban iya karatu ba, ban iya rubutu ba."

Nidal ya yi murmushi, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar sai murmushin ya ɗauke. Ya rage murya ya ce, "Ustaz, don Allah. A ajin nan ka kama hannuna."

"Yi aikinka, ɗana. Na ce ban iya ba."

Nidal ya zauna. Ya tambaya, kamar yadda doka ta ce, wa yake so a rubuta. Yaba ya faɗi sunan Ammi cikakke, da na kakanmu, da muryar nan da yake kiran sunaye da safe wadda ake ji har bakin titi. Aka miƙo masa rajista ya sa hannu, ya ce wanda bai iya rubutu ba ai dangwale yake yi. Ya danna babban yatsansa a tawada ya dangwala. Hayil bai sa alama ba, ya kifa takardarsa a cinya yana kallon allo.

Da zai fita ta gabana ya bi, har gefen kwat ɗinsa ya taɓa gwiwata. Ƙamshin sabulunsa na nan yadda na san shi.

Na so a ce haushi na ji. Ba haushi ba ne. Na san ba ni ya zo kayarwa ba, bashin bakina ya zo biya, a ajinsa, a gaban ɗalibansa, da abu ɗaya tak da ya mallaka a duniya.

Laraba, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Mutumin Rujum ya ci. Ya fi Ammi da ƙuri'a ɗari uku da 'yan kai. Ni na samu ɗari tara da arba'in da ɗaya. Ba sai an kira Ustaz Nidal ya yi wannan lissafin ba.

Daga tudun Rujum ana ta harba bindiga sama. Masu kujeru sun zo sun kwashe kayansu. Gazi ya ce mun kafa tarihi, zagaye mai zuwa ba mai tsayar da mu. Na ce ya je ya buɗe kantinsa, mutane suna jiran magani.

Juma'a, 23 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Yumma ta tare ni a hanya. Ta ce tun ranar Talata Yaba ya sa tabarau da alƙaluman nan biyu a aljihun tebur ya rufe. Mai kawo jarida ya zo, ya ce masa ya daina kawowa. Takardar magani ma ita yake miƙa wa ta kai wa maƙwabta su karanta. Alƙur'ani da ka yake karantawa. Ta yi masa faɗa, ta ce kowa ya san maganar ranar zaɓe ta ranar zaɓe ce, lauya ma ya koma ofishinsa. Ya ce shi bai taɓa yin ƙarya a ajin nan ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba, abin da ya faɗa a gaban shaidu ya faɗa.

Ta ce, "Ka san ubanka." Na san shi.

Asabar, 24 ga Nuwamba, da azahar

Da safe na tafi gidan Ammi. Ban yi shawara da kowa ba, ko Maisun ban gaya wa ba. Layin ba mota ko ɗaya, masu zuwa jaje sun gama zuwa, Hayil ya tafi Amman kwaso kayan ofis. Na cire takalmi na shiga.

Ammi da Yaba ne kawai a zauren, a ƙuryar da rana ke shigowa, da murhun gawayi a tsakaninsu. Ban taɓa lura da yadda suka yi kama ba sai yau. Ammi ya tsufa a wata ɗaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na yi sallama, suka amsa. Na durƙusa gaban Ammi na kama hannunsa. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu, ban iya cewa komai ba sai "Ammi". Bai janye hannun ba. Ya bar ni na sumbata, ya ce in tashi, ƙasa da sanyi.

Na zauna a bakin shimfiɗa. A kan ɗan teburin gabansu akwai jaridar ranar Alhamis, wadda aka buga sakamakon kowane akwati a ciki. A ninke take yadda aka kawo ta, ko buɗe ta ba a yi ba.

Yaba ya sa yatsa ya turo ta gabana. Har yanzu da sauran tawada a gefen farcensa. Ya dube ni, karo na farko cikin kwana ashirin da tara.

"Karanta mana, Rakan. Mu biyu ba mu iya ba."

Na buɗe. Na fara da akwati na ɗaya, makarantar maza. Da na zo kan sunan Ammi na rage murya, Yaba ya ce in ɗaga murya, yayansa ba ya ji sosai. Na ɗaga. Na karanta musu akwatunan duka, nasa da nawa da na mutumin Rujum, na wuce labaran waje, na wuce ta'aziyya, har farashin tumatir a kasuwar Irbid. Ba wanda ya ce in tsaya.

Da na ninke ta na miƙe zan tafi, Ammi ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, jarida ƙarfe bakwai take zuwa kullum.